Ƙanƙarar Gwiwar Inna

Da ƙyar robar ƙanƙarar ta fito. Sai da Auta ta kafa ƙafa a jikin firij ɗin ta ja da hannu biyu, sannan ta taho mata gaba ɗaya, saura kaɗan ta zaunar da ita a tsakiyar kicin. Maimakon 'yan ƙananan ƙanƙara da na'urar yin ƙanƙara ta saba zubowa, dunƙule guda ne a ciki, ƙato kamar bulo, ya kama robar ƙam.

"Tun yaushe yake haka?"

"Bai daɗe ba," in ji Baba daga bakin ƙofa.

"Sati uku cur," in ji Inna daga falo, inda take kishingiɗe da ƙafar da aka yi wa aiki a kan filo. "Tun ranar da aka dawo da ni daga asibiti."

Sati uku! Abin da ke ƙona wa Auta rai da gidan nan ke nan. Famfon banɗaki ya shekara yana ɗiga, aka tara masa bokiti, har bokitin ya zama ɗan gida. Makunnin fitilar baranda sai an danna shi ta gefe, kowa ya koyi dannawa ta gefe, har baƙi ake koya wa. Komai ya lalace sai a yi masa wurin zama, a ce ai haka yake. Yanzu ga likita ya ce a riƙa ɗora wa gwiwar Inna ƙanƙara sau uku a rana, ga 'yarsu tana aiki a sashen gyaran na'urorin sanyi na babban asibiti, amma ba wanda ya kira ta. Kullum Baba ne ke juye dunƙulen a kan tawul, ya farfasa shi da guduma, ya ƙulle ya kai wa Inna.

Jiya ne Inna ta kira ta a ɓoye. Yayan Auta ya gaji, ya ce yau ƙarfe huɗu zai zo da motar ɗaukar kaya, a fitar da firij ɗin a kawo sabo. Shi kuma Baba, wanda ya yi shekara talatin da biyar yana gyaran firij har unguwa ta manta sunansa tana kiransa Mai Sanyi, bai yi musu ba. Cewa kawai ya yi, ranar da firij ya fita daga gidansa don ya kasa gyara shi, akwatin kayan aikinsa zai bi shi a mota ɗaya. Kuma Auta ta ga akwatin da ta shigo. Yana nan ajiye a bakin ƙofar gida, an goge shi, an ɗaure hannunsa da igiya.

"Ki zo ki yi wani abu," in ji Inna a waya. "Mutumin nan in ya rabu da akwatin nan, zama zai yi ya tsufa mini a rana ɗaya."

Auta ta kashe firij ɗin, ta kwance kusoshi uku, ta zare na'urar ƙanƙarar ɗungurungum ta ɗora a kan teburin kicin, inda hasken taga ke sauka. Baba ya jawo kujera ya zauna, ya gyara tabarau.

"Ka gani, Baba, abin ba wuya. Ga faranti, ruwa ya zubo ya cika shi. A ƙarƙashinsa ga sensa, ɗan wannan abin kamar ƙwayar wake. Shi ke jin sanyi. In ya ji ruwa ya daskare, sai ya ba 'yar motar na'urar umarni ta juye farantin. To yanzu ƙarya yake yi. Ruwa bai daskare ba, ya ce ya daskare, sai a juye ruwa a roba."

"Na san ƙarya yake yi, Uwata," in ji Baba. "Abin da ban sani ba shi ne wa ya koya masa."

"Me da me ka duba?"

"Gas lafiya. Fanka lafiya. Bututun ruwa na busa shi. Har bawul mai sakin ruwa na canza."

"Ban da sensa."

Ta bi siririyar wayar sensan da yatsa, sai ta tsaya. A tsakiyarta an naɗe shuɗin tef, zagaye uku, an kalmashe bakinsa. Duk firij ɗin da ya taɓa shiga shagon Baba yana ɗauke da wannan alamar.

"Baba, wannan aikinka ne?"

"Shekara biyu ke nan. Roba ce ta datse wayar, na yi mata dalma."

"Ba a haɗa wayar sensa, Baba! Canzawa ake yi. Ɗan kuskure kaɗan a haɗin, lissafinsa gaba ɗaya ya rikice. Irin wannan ne fa yake kashe mu a wurin aiki. Kowa ya zo ya ɗaura, ya liƙa, ya ce a lallaɓa, sai abu ya mutu a ce ƙaddara."

"Ke Injiniya," Inna ta ɗaga murya, "a hankali dai, ba ma'aikatanku ba ne."

Auta ta ciro sabon sensa daga jakarta, yana cikin ledarsa, ta cire tsohon ta ajiye gefe, ta tura sabon cikin ɗan raminsa a ƙarƙashin faranti. Baba ya sunkuyo har hancinsa ya kusa taɓa teburin.

"Haka za ki bar shi tsirara?"

"Haka na same shi. Ga zanen kamfani a wayata, waya biyu ne da soket, shi ke nan."

"To," in ji Baba.

Ƙarfe goma sha ɗaya saura ta mayar da komai, ta kunna. Suka ji ruwa ya tsiyayo ya cika faranti. Ta wanke hannu tana jin daɗin kanta.

Jiran bai yi mata nauyi ba. Ta dafa shayi, ta zauna a ƙasa kusa da kujerar Inna tana matsa mata sharaɓar ƙafa kamar yadda aka nuna a asibiti. Inna kuwa hannunta ba ya zama. Ta jawo gwangwanin ɗinkinta, ta zare allura daga wani ɗan soso mai ruwan toka da take soke su a jiki, ta hau maida maɓallin rigar Baba. Tana ɗinki tana ba Auta labarin matar gadon da ke kusa da nata a asibiti, wadda ta yi kwana huɗu tana yi wa likita bayanin ciwonsa shi. Auta ta yi dariya har da ƙwalla. Baba yana kujerarsa da rediyo a kunne, amma kowa ya san ɗayan kunnen yana kicin.

Wajen sha biyu saura kwata suka ji motar na'urar ta fara juyi, ɗan ƙugi a hankali. Auta ta ɗaga yatsa ta ce, "Ku saurara."

Shaaa. Ruwa ne ya zube a roba.

Baba ya kashe rediyo, ya tashi ya ɗauko tsumma ya shiga kicin. Da ya yi mata dariya ma da ya fi mata sauƙi.

Ta sake kwance na'urar ta dawo da ita kan tebur. Wannan karon ta yi abin da ya kamata ta fara yi, abin da take yi wa sababbin ma'aikata faɗa a kai in suka tsallake. Ta ciro mitar awon lantarki. Ta ɓalli ƙanƙara daga dunƙulen ta zuba a kofi da ruwa kaɗan, ta maƙala wa tsohon sensan wayoyin mita, ta tsoma kansa a ciki. Lambar ta fara hawa a natse, ba tsalle ba gargada, ta je ta tsaya daidai inda takardar kamfani ta ce. Ta kama wurin shuɗin tef ɗin ta lanƙwasa, ta murɗa, ta ja. Lambar ko gezau.

"Ya ta ce?" Baba ya tambaya. Idonsa ba ya iya karanta lambobin.

"Ta ce lafiyarsa ƙalau." Ta ajiye mitar. "Haɗinka ma lafiya ƙalau."

"Ai dalma ba ta ƙarya in an yi mata wuta daidai."

Wayarta ta yi ƙara. Yaya ne.

"Injiniya! An ce kin sauka da kayan yaƙi. Mun samu ƙanƙara ko har yanzu kunun ruwa muke sha?"

"Ana kai."

"Ana kai tun sati uku. Ke, ni ba na son dogon turanci. Inna na fama da ƙafa, tsoho na fama da guduma kamar mai fasa dutse. Ƙarfe huɗu muna ƙofar gida, ki kwashe musu kayan ciki."

Ta ajiye wayar. Ta duba soket ɗin, ta auna wayoyin da suka tafi allon na'ura, ta auna sabon sensan shi ma. Duk lafiya. Ta tashi ta yi salla, ta dawo ta sake bin zanen daga farko, kamar zai canza don ta ƙura masa ido. Ƙarfe biyu saura ta tarar da kanta zaune ta zuba tagumi, ga sensa biyu masu lafiya a gabanta, ga firij na zubar da ruwa. Ta ƙofar kicin tana hango akwatin Baba da igiyarsa.

Maganar ta yi mata nauyi a baki, amma ta fito da ita.

"Baba. Ɗazu ka ce na bar shi tsirara. Me kake nufi?"

Ya ɗan jima yana goge tabarau da bakin riga.

"Ni ban san kayan zamaninku ba, Uwata. Amma firij na da, akwai wani ɗan bututu mai jin sanyi. In za ka ɗaura shi, sai ka manna kansa a jikin ƙarfe, ka rufe bayansa. In ka bar iska na dukansa, sanyin iska zai riƙa ji, ba sanyin ƙarfe ba. Iska kuwa tana riga ruwa yin sanyi. Ga fanka nan tana hura masa kai tsaye. Ba ƙarya yake yi ba ashe. Abin da ya ji yake faɗa."

Auta ta bi farantin da kallo.

"Me ya sa ba ka faɗa ba tun tuni?"

"Ina na gan shi? Bayana ba ya sunkuyawa can ciki, idona ba ya kaiwa. Sai yau da kika kawo shi gaban taga. Na kuma faɗa, aka ce da ni ga zanen kamfani." Ya miƙa hannu. "Ba ni nan."

Ya juya farantin, ya rufe ido, ya bi gefen ramin sensan da ɗan yatsa a hankali, kamar mai laluben ƙaya a tafin ƙafa. Sai ya tsaya, ya kamo yatsanta ya ɗora a wurin.

"Kin ji?"

Danƙo. Sawun gam ne mai kusurwa huɗu, bai fi faɗin akwatin ashana ba. Da ido da ƙyar ake ganinsa.

"Wani abu ya zauna a nan, an ɓanɓare shi," in ji Baba.

"Wa zai sa hannu a nan? Inna! Akwai wanda ya taɓa cikin firiza kafin abin ya fara?"

"Ba wanda ya taɓa," in ji Inna. "Ni dai na wanke shi ana gobe za a kwantar da ni. Ba zan tafi asibiti in bar wa mutane ƙazanta su zo suna buɗe mini firij suna taɓe baki ba. Lungu-lungu na bi shi. Har wani baƙin soso na samu ya maƙale a ƙasan abin ƙanƙarar nan, tun na kwalin da aka kawo shi ne ba a cire ba. Shekara shida! Ku biyu masu gyara a gida, ba wanda ya gani sai ni."

Auta da Baba suka dubi juna.

"Ina soson, Inna? Kin zubar?"

"Ni? Yaushe kika taɓa ganin na zubar da abu mai amfani?"

Suka fito falo tare. Inna ta ɗaga shi daga cinyarta, an wanke shi fes, allurai bakwai a tsaye a jikinsa, ɗaya da jan zare.

Baba ne ya fara dariya. Ya dafa bango yana yi har tari ya sarƙe shi. Auta ta so ta yi faɗa, kalmomin ma sun zo bakinta, amma ta tuna wa ya fara ɗora wa shuɗin tef laifi, sai ita ma ta fashe.

"To me na yi kuma?" in ji Inna. "Ku dai ba a yi muku gwaninta."

Inna ta zare alluranta ɗaya bayan ɗaya tana mita, ta soke su a hannun kujera. Auta ta ɗauki sabon sensan za ta mayar, sai ta fasa, ta cusa shi a aljihu, ta ɗauki tsohon mai shuɗin tef. Ta danna kansa ya kwanta a jikin faranti, ta rufe shi da soson. Gam ɗin ya mutu, ba ya kamawa.

"Akwai tef a akwatina," in ji Baba, amma bai motsa ba. "Na riga na ɗaure shi."

"Akwai a aljihun rigarka ta jiya," in ji Inna. "Kullum sai na cire kafin wanki."

Shi ya naɗa da kansa, zagaye uku, ya kalmashe bakin. Ƙarfe biyu da kwata ruwa ya cika faranti. Auta ta rufe ƙofar firiza ta ce kada wanda ya buɗe, ko da wuta ce ta kama a ciki.

Ƙarfe uku ta wuce, ba a ji ruwa ya zube ba. Uku da rabi, shiru. Baba ya dawo da kujerarsa bakin kicin ya zauna kamar mai gadi. Auta ta san shirun alama ce mai kyau, amma ta san kuma na'urar da ta mutu gaba ɗaya ita ma shiru take yi.

Huɗu saura biyar mota ta tsaya a waje. Yaya ya shigo da sallama, direba na biye da shi da igiya a kafaɗa. Ya durƙusa ya gaida Inna, ya taɓa gwiwar a hankali ya tambayi kumburin, ya gaida Baba, sannan ya dubi Auta.

"Injiniya, ina ƙanƙara?"

"Tana hanya."

"Daga wace ƙasa?" Ya nufi soket ɗin bango. "Ba ki ma kwashe kayan ba."

Auta ta riga shi, ta tsaya ta jingina da firij ɗin.

"Minti ashirin, Yaya."

"Ke, mutumin nan yana da wani aikin. Matsa."

"Wallahi ba zan matsa ba. Abu ya ɗan yi tari sai a jefar a sayo sabo, shi ke nan abin da kuka iya. Firij ɗin nan ba abin da ya same shi."

"Ji mai magana. Ba ke ce kullum kike cewa gidan nan an cika lallaɓa matattun kaya ba?"

"Gyara daban, lallaɓawa daban!"

"Ku bar shi ya cire," in ji Baba a hankali. "Ƙarfe huɗu aka ce, ƙarfe huɗu ta yi. Ɗana, in kun ɗora shi, ga akwati can a bakin ƙofa."

Yaya ya juya ya ga akwatin, sai hannunsa ya tsaya a iska. Da alama sai yanzu ya gane ba wasa tsohon yake yi ba.

"Haba Baba, wa ya ce..."

"Malam direba," Inna ta katse shi, "zo ka zauna. Ba a shigo mini gida da rana haka a fita da busasshen maƙogwaro. Auta, zuba masa shayi. Mai zafi sosai, kada ki ba shi wanda ya huce."

Direba ya dubi Yaya, ya dubi kofin da aka miƙo masa yana tururi, ya ajiye igiya ya zauna. Ya hura, ya kurɓa, ya ƙone harshe, ya sake hurawa. Inna ta tambaye shi iyali, ta tambaye shi 'ya'ya nawa, ta tambayi sunan kowanne da ajinsa. Yana kan na huɗu ne ƙugin motar na'urar ya taso daga kicin.

Ƙugin ya ci gaba, farantin ya yi wata 'yar ƙara kamar ana murɗa busasshen kara.

Kwaram! Kwaram-kwaram-kwaram!

Auta ta buɗe firiza ta jawo robar. Guda goma, masu kusurwa, farare tas, suna hayaƙin sanyi. Ta kawo ta ajiye a cinyar Baba. Ya ɗauki ɗaya ya ɗaga ta saitin taga, ya juya ta, ya matse ta a tafin hannu har ruwa ya biyo tsintsiyar hannunsa.

"Me ya lalace ne wai?" Yaya ya tambaya.

"Ba abin da ya lalace," in ji Auta. "Baba ne ya gano. Ni sukudireba kawai na riƙe."

Yaya ya sosa ƙeya, ya ɗauki ƙanƙara ɗaya ya jefa a baki, ya ce wa direba ya shanye shayinsa a hankali, ba sauri.

"To ni alluraina fa?" in ji Inna. "A hannun kujera za su kwana, wani ya zo ya zauna a kai?"

Baba ya miƙe. Ya je bakin ƙofa, ya sunkuya da ƙyar, ya kwance igiyar, ya ɗauko akwatin ya dawo da shi tsakiyar falo. Ya buɗe, ya sa wuƙa ya yanko ɗan soso daga shimfiɗar murfinsa, ya miƙa mata. Ta juya shi ta ce bai kai wancan laushi ba, amma za ta lallaɓa.

Auta ta zuba ƙanƙarar a tawul, ta ƙulle, ta ɗora a gwiwar Inna da kanta. Inna ta yamutsa fuska, ta gyara ƙullin, ta sake gyarawa. Guda biyu suka sulale suka faɗo ƙasa.

"Kai, wannan duwatsu ne. Suna sukata. Wadda babanku ke farfasawa ta fi kwanciya a ƙafa."

"Inna! Wannan fa ita ce..."

Amma Baba ya riga ya karɓi tawul ɗin. Ya shimfiɗa shi a ƙasa, ya laluba cikin akwati ya ciro gudumar. Auta ta buɗe baki, ta dubi kyawawan ƙanƙarar da aka yini ana nema, ta dubi fuskar tsohon. Sai ta durƙusa ta riƙe masa bakin tawul ɗin, kada su watse.